Gurbin Dalili

Shekara goma sha tara ina bakin wannan taga,
hawa na biyu, Wuse,
ni ne mai buga takardun kamfani.
In za a ɗauki mutum, da baki ake faɗa masa.
In za a kore shi, sai a tuna da ni.

Layi biyu ne, na haddace su kamar lambar wayata:
"Ba a bukatar aikinka daga yau.
Ka miƙa makulli ga mai gadi."
Suna kawai nake canzawa.
Na buga wa Iliya direba.
Na buga wa Saratu mai shara, cikinta wata bakwai.
Na buga wa Ɗanjuma,
wanda injin yankan tayil ya ci yatsunsa biyu;
ya karɓa da ukun da suka rage,
har ya ce mini sannu da aiki.

Ashe Ɗanjuma bai wuce gida ba.

Ran Talata lauya ta zo,
Barista Nanret, siririya, jakarta ta fi ta nauyi.
Ta ƙi shan lemo.
Ta ce: Alhaji, zamanin "tafi kawai" yana naɗe tabarma,
kotun ma'aikata yanzu tambaya take yi: don me?

Alhaji Maikano ya cire hula, ya ɗora a gwiwa.
Ya ce: da na fara da baro ɗaya a Dei-Dei,
wace kotu ta tambaya ko na karya kumallo?
Dizal ya ci ribar bara,
an ce ƙaramin albashi dubu saba'in,
na biya, ban yi barci ba,
yanzu kuma ƙofata ma sai na nemi izini in rufe?
Ba ƙarya ya yi ba.
Na san shi, na ga ranar da ya sayar da mota
don kada wata ya mutu hannunmu wayam.

Ta ce: rufe ƙofarka, Alhaji.
Amma ka rubuta abin da ya sa.

Sai aka ba ni sabuwar takarda.
Suna, kwanan wata, sanarwa,
can ƙasa kuma wani fili fari:
Dalili.

Ran Alhamis ya tsaya a bayana,
yana so a sallami Zakari na sito.
Na buga suna. Na jira.
Ɗan sandan nan na kwamfuta yana ƙiftawa a cikin gurbin
kamar idon da ƙwaro ya faɗa.
Alhaji ya ce, rubuta... ya yi tari.
Ya ce, yaron ba ya gaisuwa.
Ya saurari maganarsa da kunnensa,
ya ce, bar shi tukuna.
Zakari yana nan har yau, yana ƙirga buhunan siminti,
bai san ya mutu ya dawo ba.

Kafin ta tafi, Barista ta nemi fayil ɗin kowa.
Na buɗe durowa, ni da na jera su da hannuna.
Akwai na waɗanda suka tafi, cike.
Na waɗanda suke nan, 'yan kaɗan.
Nawa,
na duba sau biyu.
Mai dafa tuwon gida ashe babu kwanonsa.

Da aka tashi ban bi motar Mararaba ba.
Na zauna, na buga wa kaina takardar ɗaukar aiki:
Isiyaku Gambo, akawu.
Ranar farawa?
Abin da na tuna, makon da aka yaye Hansatu ne,
ga shi yanzu tana koyon jinya a Gwagwalada.
Na rubuta shekarar, na bar ranar.

Tana kan teburinsa tun jiya,
ƙarƙashin kofin shayi.
Bai sa hannu ba.
Bai kuma yaga ba.